Tukunyar da Na Dafa a Gaban Ɗalibanki

Zuwa ga ƙanwata Barikisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin rahama da yalwar makwanci. Haka aka koya mana buɗe wasiƙa a lakwal, makarantar boko, kafin in bari a aji shida, ban kuma san wata hanyar ba. Da kina nan da kin ce na tsufa da rubutun da.

Ni ce yayarki Azumi, daga Zangon Sokode. Wata takwas ke nan da rasuwarki. Na san ba karantawa za ki yi ba, amma zan sa takardar a shafin intanet ɗin da kike sa hotunan ɗalibanki, don waɗanda suka san ki su gani. Su yi haƙuri da rubutuna, hannun mai tuƙa sabulu ne.

Labarin da na kawo miki ɗaya ne. Na je Dapaong. Na dafa tukunyar nan da kika roƙe ni sau biyu na ƙi.

Bari in fara daga farko saboda masu karantawa, ke kin san komai.

Mma ta taho da sana'ar sabulun salo daga Tchamba lokacin da aka kawo ta gidan Baba. Toka, man kaɗe, wuta, muciya, shi ke nan kayan aikinta. Na biyar ɗinsu zana ce. Duk ranar dahuwa sai ta kewaye murhu da zana, ba baƙo, ba maƙwabciya, ko mai sallama sai ya jira a zaure. Takan ce, “Tukunyar sabulu ba ta son ido.” In ido ya faɗa mata, wai sai ta tsinke, mai ya taso sama, ruwa ya koma ƙasa, a yi asarar wuni guda. Ni da na gaje ta na gaji zanar tare da tukunyar, ban taɓa tambaya ba.

Ke kuwa tun kina ƙarama kike leƙe ta hujin zanar. Mma ta sha jifan ki da ɓawon ayaba. Wata rana kika ce mata, “Mma, to ke da kike tuƙawa, idonki a rufe yake?” Ranar kin sha rankwashi, amma na ga Mma ta juya baya tana dariya.

Kika wuce lise, babbar sakandare, kika wuce jami'a a Lome, kika karanta abin da kuke kira shimi, ilimin yadda abubuwa ke haɗuwa su zama wani abu. Ni ina nan bakin murhu. Ban taɓa jin zafin haka ba, Allah Ya sani. Duk Zango babu wadda ta fi ni ɗaga kai ranar da aka ce an ba ki aikin koyarwa a Dapaong.

Hutun da ba na mantawa shi ne wanda kika same ni ina wanke kwanonin suna, hannuna duk maiƙo. Kika tsuguna kusa da ni da doguwar rigarki, kika ce, “Yaya, ke kina zaton ke kike wanke kwanon nan. Ke dai cuɗawa kike yi, masu aikin daban ne.” Na ce to madalla, gobe su tashi su wanke, ni in kwanta.

Sai kika ɗauko kwalba, kika zuba ruwa da ɗan man gyaɗa, kika girgiza. Kafin mu ƙifta ido man ya koma sama. Kika gutsuri sabuluna kamar ƙwayar wake kika jefa, kika sake girgizawa. Ruwan ya yi fari kamar tsala, ya zauna a haka. Shekara talatin ina ganin wannan a baho, ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ranar.

Kika ce sabulu ƙwayoyi ne ƙanana, waɗanda ko an tsaga gashin kai sau dubu bai kai su ƙanƙanta ba. Kowace ƙwaya tana da kai da jela. Kan yana son ruwa, jelar tana gudunsa, mai take so. To in suka sami kansu cikin ruwa, kowace na neman inda za ta ɓoye jelarta. Sai su tattaru su yi ɗan curi, jeloli a ciki, kawuna a waje. In akwai maiƙo, su sa shi a tsakiya su rufe, ruwan ɗauraya ya tafi da su gaba ɗaya. Kika ce sunan curin misel.

Ban gane ba, na faɗa miki ban gane ba. Ba ki yi tsaki ba. Kika ja hannuna zuwa ƙofar gida, rana tsaka, kika nuna mini tumakin mahauta a filin da babu ko inuwar kara. Sun yi da'ira, kowace ta cusa kanta ƙarƙashin 'yar'uwarta. Kika ce, “Wa ya jera su?” Na ce babu, rana ce ta dame su. Kika ce, “To haka. Sai dai su tumaki kai suke ɓoyewa, 'ya'yan sabulunki jela.”

Tun daga ranar ban ƙara wuce tumakin nan ban tuna ki ba.

Abin da ya fi ba ki sha'awa, kamar yadda na fahimta, shi ne babu mai ba da umarni. Ba sarki a cikinsu, ba hannun da ya ɗauki wannan ya ajiye kusa da wancan. Kowace ƙwaya neman inda za ta sake kawai take yi, daga nan tsari ya fito. Na tambaye ki, to wa ya koya musu? Kika ce, “Wanda Ya yi musu kai da jela ai Ya gama magana.” Na ji daɗin amsar nan, don a lokacin wasu na cewa boko zai raba ki da salla.

Kika ƙara mini da cewa riƙon da suke yi wa juna ba ɗaurin igiya ba ne, riƙon gaisuwa ne. A kama, a saki, a sake kamawa. Shi ya sa in wata ta tsaya a karkace, motsin ruwa zai tunkuɗe ta ta gyara tsayuwa. Da ɗaurin tamau ne, kuskuren farko da ya zauna har abada. Kuma sai sun kai wani yawa suke taruwa. In kaɗan ne, kowace yawonta take yi ita kaɗai, ko ta maƙale a saman ruwa. Na ce ashe shi ya sa mai rowar sabulu ba ta fitar da wanki. Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kika ce za ki faɗa wa 'yan aji.

A wani hutun kuma kika kai ni da nisa. Kika ce hanya biyu ce ta yin abu. Akwai ta masassaƙi, ya sami gungume ya yi ta ragewa har turmi ya fito. Amma in abin da ake so ya yi ƙanƙantar da babu gizagon da zai taɓa shi, sai a bi ta biyu: a zaɓo ƙwayoyi masu siffar da ta dace, a gyara musu zafi da gishiri da yawan ruwa, a ja da baya, su gina kansu. Kika ce masana na yin haka su naɗe magani cikin irin wannan curi don ya isa inda ake so a jiki. Kika ce wasu na barin ƙwayoyin su jeru kamar karan da aka ɗaure, su zuba wani abu dangin yashi ya daskare a kewayensu, sannan su ƙone su, a sami dutse mai huji-huji da ido ba ya gani. Burinki ke nan, ki ga an yi matacin ruwa da irinsa wata rana. Kika taɓa bayan hannuna kika ce ni kaina haka aka yi ni, kowane ɗan ɗaki na jikina bangonsa sahu biyu ne na masu kai da jela, sun juya wa juna jela.

Rabin maganar ya wuce ni. Amma fuskarki nake kallo. Ban taɓa ganin mutum yana son abin da ba ya iya gani kamar yadda kike son ƙwayoyin nan ba.

Wuri ɗaya ne muka saɓa, wurin ido. Ke kika ce ido ba ya tsinka sabulu. Kika ce in baƙuwa ta shigo, hira ake yi, wuta ta mutu, hannu ya tsaya, shi ne ake ɗora wa ido. Na ce ke yarinya ce, Mma ta fi ki sanin tukunya. Kika ce, “Ta fi ni sanin tukunya, ni na fi ta sanin dalili.” Na yi kwana biyu ban yi miki magana ba.

Shekararki ta biyu a Dapaong kika fara roƙona. Wai in zo in dafa sabulu a filin makaranta, yara su ga yadda toka da mai ke haifar da ƙwayoyin, sannan su ga yadda ƙwayoyin ke jera kansu. Na ce Allah Ya kiyaye in kai tukunyar Mma tsakiyar fili. Bara kika sake kira a waya. Ina jin muryarki har yanzu: “Yaya, na gaji da zane a allo. Alli ba ya kumfa.” Na ce bari bayan Babbar Salla mu gani. Na san a raina ba zuwa zan yi ba. Tsoron ido ne rabi, rabi kuma kunya. Me mai aji shida za ta faɗa wa masu jin Faransanci?

Bayan Sallar da sati uku kika kwanta. Kwana tara. Kika hana a gaya mini, wai zazzaɓi ne zai wuce. Da aka kira ni na shiga motar farko. Mun wuce Kara, mun wuce Kante, muna tsaye a Mango ana sauke buhuna wayar ta sake shigowa. Kafin in iso an kai ki. Ban wanke ki ba, Barikisu. Ni da na yi miki wanka tun kina tsumma, ban sa miki hannu a na ƙarshe ba. Na zauna kwana uku a ɗakinki ban iya duban komai ba, na dawo, na ce ni da garin nan har abada.

To watan jiya sai ga waya daga wani Mesiye Lare, malamin da aka ba ajinki. Mutumin kirki, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce, “Madam ya rubuta a kaye ɗinsa, yayansa zai zo da tukunya. Yara suna tambaya na kullum, yaushe?” Ashe kin sa ni a kaye, littafin tsarin darussanki, da jan biro, kin bar gurbin rana babu komai. Ashe kuma kin gaya wa yaran cewa yayarki ta fi ki iya shimi, takarda ce kawai ba ta da ita.

Na kashe wayar na zauna a kan turmi. Wannan maganar taki ita ta hana ni sukuni. In ban je ba, kin yi musu alkawarin da bai cika ba. In na je tukunya ta tsinke a gabansu, na mai da ke maƙaryaciya, ba ki kuma nan balle ki kare kanki.

Na je na shawarci Iya Ladi, ƙawar Mma, wadda har yanzu take dahuwa a bayan masallacin mahauta. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, “Ido ɗaya ma ya ishe ta, ke za ki kai ta gaban sittin? Sai ki dawo mana da miya.” Ta ga ina hawaye. Da zan fita ta miƙo mini muciyarta ta ce tawa ta yi gajarta.

Na ɗauki tukunya da muciya da man kaɗe. Toka ce ban ɗauka ba, don nauyi. Mesiye Lare ya ce kada in damu, karan dawa ya yi musu yawa, yara za su ƙona su tace kafin in iso. Na ce to. Riƙe wannan, nan ne na fara kuskure.

Ranar Laraba da hantsi aka kafa mini duwatsu uku a gindin wata bishiyar dogon yaro a filin makarantarku. Babu zana, ko tabarma babu. Yara suka kewaye ni da kakinsu, wasu a tsaye, wasu a kan benci, kowa da kaye da biro. Har malamai biyu suka fito da kujeru. Ban taɓa jin ni tsirara da kaya a jikina ba sai ranar.

Kin san abin da Mma ke yi kafin komai. Takan tsoma ɗan yatsa a ruwan toka ta ɗiga a kan harshe. In ya cije ta, ya yi. In bai cije ba, a ƙara dafa shi. Ban taɓa ɗora tukunya ban yi haka ba. Amma ranar na dubi yaran nan da biro a hannu, na ce yanzu in lashi toka a gabansu su rubuta? Su ce yayar Madam ɗinsu ƙauyus ce? Sai na ɗauki ƙwaryata na auna kamar yadda nake aunawa a gida, na zuba, na yi bisimilla a ciki.

Na yi ta tuƙi. Awa ɗaya, awa biyu. Ya kamata ya fara kauri, ya taso da kumfa, ƙamshin ya juya. Bai yi ba. Sai ga mai ya kwanto a sama, rawaya, yana walƙiya, ruwa baƙi a ƙasa. Miyar Iya Ladi sak.

Na ji wani ya yi dariya a baya an ce masa ya yi shiru. Zuciyata ba abin da take faɗa sai ido ne, ido ne, Mma ta gaya miki. Har na kai hannu zan kwance mayafina in rufe tukunyar, in ce su watse.

Sai wata doguwar yarinya a sahun gaba, mai tauna murfin biro kamar yadda kike yi, ta ɗaga hannu. Da Hausa ta yi maganar, a hankali, don ni. Ta ce, “Inna, Madam tana cewa in sun ƙi jeruwa, kada a tambayi wa ya yi, a tambayi me ya canja.”

Kamar ke ce kika tsuguna kusa da ni.

Na tsaya na lissafa a raina. Tukunyar tawa ce. Man nawa ne. Wutar ban bar ta ta mutu ba, hannuna bai tsaya ba. Toka ce ba tawa ba. Ni a gida tokar ɓawon ayaba da ɓawon koko nake amfani da ita, wadda ake kawo mana daga kudu, kuma ni nake tace ta da ruwa kaɗan. Wannan ta kara ce, yara kuma sun cika mata ruwa don su faranta mini da yawanta.

Na ajiye muciya. Na je wurin bahon ruwan tokar, na tsoma yatsa, na ɗiga a harshena a gaban mutum sittin da malamai biyu. Lami. Ko jariri ba zai yamutsa fuska ba.

Na miƙe na ce Mesiye Lare ya fassara musu. Na ce laifina ne, akwai gwajin da uwata ta koya mini, na ji kunyarku na tsallake shi. Ba wanda ya yi dariya, Barikisu. Rubutawa suka yi. Wani har ya tambaya a wane gefen harshe ake ɗigawa. Da yawansu suka taso za su lasa, Mesiye Lare ya tare su da hannu biyu, ya ce harshen da ya shekara talatin yana aikin ne kaɗai aka yarda wa, shi ba shi da abin da zai gaya wa iyayensu.

Aka aro tukunya ta biyu wurin mai sayar da shinkafa a bakin makaranta. Muka dafa ragowar ruwan tokar har ya ƙone ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na ɗiga, ya cije ni. Na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ina tuƙawa. An kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya tafi. Na bar wa doguwar yarinyar muciya na yi azahar a gefe, ina sallama ina jin ƙamshin ya juya. Kin san ƙamshin. Da na dawo kumfa ya taso har wuyan tukunya, ya yi duhu, ya fara barin gefe. Na kafa muciyar Iya Ladi a tsakiya na sake ta. Ta tsaya da kanta.

Yaran suka yi tafi. Ni dai na juya baya ina gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Da ya ɗan huce na nemi kwalba. Na yi musu abin da kika yi mini, ruwa da mai, a girgiza, su rabu, a jefa ɗan sabulu, a sake girgizawa. Na gaya musu cewa aikina ya ƙare a wuta. Ni na haɗa toka da mai aka haifi ƙwayoyin, amma abin da ke faruwa a cikin kwalbar nan babu hannuna, su suke jera kansu. Na fara ba su labarin tumaki, sai duk suka kwashe da dariya, suka ƙarasa mini. Ashe tumakin Zangonmu sun riga ni zuwa Dapaong. Suka tashi suka nuna mini wasan da kika koya musu: mutum ɗaya a tsakiya shi ne maiƙo, sauran su yi ta yawo ba tsari, kowa na neman ɓoye hannunsa na hagu, har da'ira ta fito ba wanda ya ce wa wani tsaya nan. Sun yi sau uku. Kowane karo wurin tsayuwar mutane daban, da'irar iri ɗaya.

A nan na gane girman abin da kika yi a garin nan. Kin tafi wata takwas, ba ki tsaye a kansu, amma tambayarki ce a bakinsu.

Kafin su watse na ce a fassara musu magana ɗaya. Na ce ni da Madam ɗinku mun yi shekaru muna gardama a kan abin da ke tsinka tukunya, yau a gabanku na yarda ita ce da gaskiya. Ban taɓa faɗa miki haka kina da rai ba, ko sau ɗaya, a kan komai. Girman yaya ya hana. To ga shi na faɗa, na kuma rubuta. Ban dai ce babu ido a duniya ba, kada ki yi saurin murna. Na ce wannan tukunyar, kunyata ce ta tsinka ta.

Muka cura sabulun, kowane yaro ya sami ɗan dunƙule, na ce su bar shi ya sha iska kwana biyu. Na ware babba guda.

Washegari da safe kafin mota na je gidan da kika zauna haya. Wancan zuwan ban ko gaida mutanen gidan yadda ya kamata ba. Tsohuwar mai gidan, Mma Fati, ita ce ta jagoranci wankanki, ita da maƙwabta biyu. Na durƙusa na yi mata godiyar da ban yi ba, na miƙa mata dunƙulen. Ta karɓa ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta tambaye ni ko ni ce mai aiko miki da irinsa a mota, a naɗe cikin takardar siminti. Na ce ni ce.

Ta ce ranar sun aika a sayo sabulun kanti, kafin ɗan aiken ya dawo ta ga wani a cikin bokiti a bayan ƙofarki, an fara amfani da shi. Ta ce, “Na ce a bar na kanti, a yi mata da wanda ta saba. Ruwan rijiyarmu ba ya son kumfa, amma wannan ya yi.”

Da nawa aka wanke ki, ƙanwata. Wata takwas ina kuka ban sa miki hannu ba.

Na fashe da kuka a durƙushe. Mma Fati ta bar ni na yi mai isata, sannan ta sa mayafi ta raka ni har bakin hanyar maƙabarta. Ba mu shiga ba. Ta nuna mini wajen da kike, kusa da wata ƙaramar bishiyar kaɗanya, na yi miki addu'a daga nan.

Ya Allah, ga baiwarKa Barikisu. Ta dubi ƙanƙanan halittunKa ta yi mamaki, ta kuma koya wa 'ya'yan mutane yin mamakin. Ka sa wannan ya zama sadaka mai gudana gare ta. Ka wanke ta daga kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka haɗa ta da Mma da Baba a inuwar rahamarKa. Ka saka wa matan da suka tsaya mata a madadina, Ka yi wa ɗalibanta albarka. Ni kuma Ka yafe mini jinkirina, in tawa ta zo Ka sa in cika da imani. Amin.

Ki huta lafiya, Barikisu.

Taki har kullum,
yayarki Azumi, mai sabulu,
Zango, Sokode.